Daga Kano zuwa Kumasi da Agogo, wurin masu binciken gyambon Buruli da garkuwar jiki

Motar dare na hau daga Kano zuwa Legas, daga can kuma na bi hanyar bakin teku zuwa Gana. Aikina gwaje-gwaje ne a asibiti, kuma na tafi ne in ga yadda masu binciken ƙwayoyin bakteriya na Akara da Kumasi ke tafiyar da nasu aikin. Wanda zai bi wannan hanya ya tanadi fasfo ɗinsa na ECOWAS, da katin allurar shawara mai ruwan ɗorawa, da takardar gayyata daga inda zai je. Iyaka uku ake ƙetarewa: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hillacondji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao da ke manne da birnin Lome. A kowace za a sauke ku a buga hatimi a duba kaya, kuma katin shawara shi ne abin da aka fi tsare mutane a kansa. Kuɗi kuwa gara mutum ya canja naira zuwa sidi kai tsaye, ya riƙe 'yar sefa kaɗan ta abinci a Kwatano, domin wanda ya bi ta sefa sannan ya koma sidi sau biyu za a yanke shi. Da an shiga Togo a mayar da agogo baya da awa ɗaya. Daga Aflao sai gadar Sogakope a kan kogin Volta, sai Tema, sai Akara.

A unguwar Nima ta Akara na sauka, inda ba ka buƙatar wani harshe bayan Hausa don sayen koko da ƙosai ko neman hanyar masallaci. Da safe na nufi Legon, harabar Jami'ar Gana, inda Cibiyar Noguchi take. Gwamnatin Japan ce ta gina ta aka buɗe a 1979, don tunawa da Hideyo Noguchi, masanin bakteriya wanda a 1913 ya nuna ƙwayar tunjere a cikin ƙwaƙwalwar masu ciwon. Ya zo Akara yana bin diddigin shawara bisa zaton bakteriya ce ke kawo ta, alhali bairos ce, kuma ita ce ta yi ajalinsa a nan a 1928.

A 2021 Farfesa Dorothy Yeboah-Manu ta zama shugabar cibiyar, mace ta farko da ta riƙe muƙamin. Ta fara da ilimin sinadaran jiki a jami'ar KNUST ta Kumasi, ta yi digiri na biyu a Landan, na uku a Basel ta Siwizalan, kuma a 2018 ta karɓi kyautar Afirka ta Royal Society. Babban aikinta a kan tarin fuka ne, musamman wani jinsi da ake kira Mycobacterium africanum, wanda aka fara bayyana shi a Dakar a 1968 kuma kusan ba a samun sa sai a Afirka ta Yamma. Manyan rassa biyu gare shi, waɗanda a jerin rassan ƙwayar tarin fuka ake kira na biyar da na shida. Na biyar ya fi yawa a gabas, wato Najeriya da Benin, na shida kuma a yamma, wajen Gambiya da Senegal, ita kuwa Gana tana da duka biyun. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na tarin fukan ƙasar shi ke kawo shi. Binciken rukuninta ya nuna reshe na biyar ya fi bayyana a tsakanin 'yan ƙabilar Ewe, abin da ya sa ake tambayar ko gadon mutum yana da hannu a irin ƙwayar da ke kama shi.

Ga mai aikin ɗakin gwaji irina, darasin a fili yake. Wannan jinsi yana da jinkirin tsiro, kuma ba ya son abincin raino mai sinadarin gilisarol kaɗai, sai an sa masa wani sinadarin mai suna fairubet. Shi ya sa suke shuka kakin kowane majiyyaci a kwalba biyu, ɗaya mai wannan ɗaya mai wancan, su kuma yi haƙuri da ita fiye da yadda aka saba. Ɗakin gwajin da ke amfani da kwalba guda ya zubar da wuri zai rubuta cewa babu komai, alhali mutum yana ɗauke da ciwo. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana gano tarin cikin kamar awa biyu, amma ba ta faɗa maka ko wane reshe ne.

Daga Akara zuwa Kumasi kilomita kusan 250 ne, ta Nsawam, Suhum, Nkawkaw, Konongo da Ejisu. Manyan motocin safa masu sanyi suna tashi daga wajen shataletalen Circle, kujera a lokacin sidi ɗari da 'yan kai, tafiyar awa biyar zuwa shida gwargwadon cunkoso.

A unguwar Aboabo ta Kumasi na samu masauki, gidan wani dattijo ɗan kasuwar goro wanda kakanninsa suka zo daga ƙasar Hausa tun zamanin fataucin Gwanja. Tsohuwar al'adar maigida da baƙo tana nan da ranta a Zango. Ya ba ni ɗaki, ya hana ni maganar kuɗin haya, sai dai na riƙa sa hannu a cefane. Da safe koko mai citta da kanumfari, da rana wake da shinkafa da aka dafa da karan dafi, ga shito, wato soyayyen yajin Gana, da taliya da ƙwai a kai, da dare tuwon zafi da miyar ayoyo. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, har da ganin aikin da ake yi a kan gyambon Buruli, sai ya ce, "Malam, irin gyambon nan mun san shi a wajen masu noman koko. Mutanenmu da ke zuwa ƙauyuka sayen goro sukan ga yara da shi, ana cewa sammu ne." Na ce, "Baba Alhaji, ƙwayar cuta ce, kuma maganinta sati takwas ne, kyauta ake bayarwa." Ya jinjina kai ya ce zai faɗa wa yaran shagonsa masu shiga daji.

Daga Aboabo ƙaramar mota ake hawa zuwa Tech Junction, sannan a shiga harabar KNUST. A can cikinta cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi ta KCCR take, wadda aka kafa a 1997 da haɗin gwiwar Ma'aikatar Lafiya ta Gana, jami'ar, da Cibiyar Bernhard Nocht ta Hamburg a Jamus. Abin da na fara lura da shi shi ne bambancin hanyoyin da mutanen wurin suka biyo. Akwai likitocin da suka fito daga ɗakin majiyyata, akwai waɗanda suka karanta ilimin ƙananan halittu, akwai masu ilimin garkuwar jiki, akwai masu lissafin yaɗuwar cututtuka, ga kuma nas-nas da ma'aikatan fage waɗanda suka san kowane ƙauye da hanyar babur ɗinsa. Daraktan kimiyya na cibiyar a lokacin, Farfesa Richard Phillips, likita ne a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, ya yi digirinsa na uku a St George's ta Landan, kuma shekara sama da ashirin yana kan cuta guda: gyambon Buruli.

Cutar tana bukatar bayani, domin da yawanmu a Arewa ba mu taɓa ganin ta ba. Ƙwayarta Mycobacterium ulcerans, 'yar'uwar ta tarin fuka da ta kuturta. A Ostireliya aka fara bayyana ta a 1948, sunan kuma daga yankin Buruli na Yuganda ya samo asali. Tana farawa da ɗan ƙululu a ƙarƙashin fata, ko wani fage mai tauri, ko kumburin hannu ko ƙafa, ba zafi, ba zazzaɓi. Bayan makonni sai fatar ta fashe, a ga gyambo mai farin ruɓaɓɓen nama, gefensa a rarake ta ƙasa, ta yadda ainihin girmansa ya fi abin da ido ke gani. An kasa ta mataki uku: ƙasa da santimita 5, tsakanin 5 da 15, sai wanda ya haura 15 ko ya kama wuri mai haɗari kamar ido ko gaɓa. Yara 'yan ƙasa da shekara 15 suna da yawa a cikin masu kamuwa a Afirka, kuma an fi samun ta kusa da ruwa marar gudu da fadamu.

Rashin zafin nan shi ne ya ja hankalin masu ilimin garkuwar jiki. A 1999 rukunin Pamela Small a Amurka ya gano dafin da ƙwayar ke fitarwa, aka sa masa suna maikolakton. Daga baya, a 2014 da 2016, rukunin Rachel Simmonds a Ingila da na Caroline Demangel a Cibiyar Pasteur ta Faransa suka nuna inda yake kamawa. A cikin kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai wata mashiga da ake kira Sec61, wadda furotin ɗin da za a fitar waje dole ya bi ta cikinta. Dafin yana toshe ta. Fararen ƙwayoyin jini sai su kasa aika saƙonnin sinadarin da suke kiran 'yan'uwansu da su, kitsen da ke ƙarƙashin fata ya mutu, jijiyoyi su daina kai labarin ciwo. Kamar ɓarawon da ya fara sa wa karen gida maganin barci ne kafin ya haura katanga. Binciken da aka yi a Gana, na Yeboah-Manu da na rukunin Phillips, ya nuna jinin masu gyambon yana fitar da intaferon gama kaɗan, wato saƙon da wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira T ke zaburar da yaƙi da shi, kuma yana farfaɗowa bayan an yi magani. Ita ma ƙwayar da aka fara karanta dukkan tsarin gadonta, mai lamba Agy99, daga jikin wata majiyyaciya a Gana aka same ta a 1999.

Wata matashiya 'yar Zango da ke digiri na biyu ce ta zagaya da ni ɗakunan gwajin, kuma da Hausa muka yi yawancin bayanin. Idan gyambo ya buɗe, ana cusa tsinken auduga a ƙarƙashin gefen da ya rarake a zagaya shi, domin can ƙwayar take taruwa, tsakiyar kuwa matacce ne cike da wasu ƙwayoyin. Idan ƙululu ne bai fashe ba, sai a soka siririyar allura a tsakiyarsa a zuƙo. Rini irin na tarin fuka a duba a madubin likita yana da sauƙi, amma kusan rabin masu ciwon suna kuɓuce masa. Raino kuma yana cin sati shida zuwa goma sha biyu. Ta tsaya a gaban wata na'urar ɗumama ta ce, "Yaya, duba ma'aunin nan." Digiri 32 yake nunawa. Ƙwayar ba ta tsira a digiri 37 da muke rainon ta tarin fuka, tsakanin 29 da 33 take so, wanda shi ne dalilin da ya sa take zama a fata ba ta shiga huhu. Duk wanda ya sa kwalbarsa tare da ta kakin tari zai yi wata uku yana jiran abin da ba zai fito ba.

Gwajin da aka dogara da shi PCR ne, wanda ke ninka DNA har a iya gano shi, ana neman wani yanki na DNA mai suna IS2404 wanda ƙwayar ke da kwafinsa sama da 200, shi ya sa ko kaɗan ce za a gan ta. Wannan ƙarfin shi ne kuma haɗarinsa, don ɗigon da ido bai gani ba daga gwajin jiya yana iya mai da samfurin mai lafiya ya zama mai ciwo. Saboda haka ɗakuna a rabe suke: na haɗa sinadarai, na ciro DNA, na na'urar, kowanne da rigarsa da safar hannunsa da kayan awonsa, kuma gaba kawai ake yi, wanda ya shiga na ƙarshe ba ya komawa na farko a ranar. A kowane zubi ana sa kwalbar ruwa zalla. Idan ita ma ta nuna ciwo, an zubar da sakamakon gaba ɗaya.

Ɓangaren garkuwar jiki kuwa da agogo ake yin sa. Jinin da aka ɗiba a kwalba mai hefarin, maganin hana jini daskarewa, a ƙauye dole ya iso cikin 'yan awoyi, ba a sa shi a ƙanƙara, ba a bar shi a rana. A ɗora shi a hankali a kan wani ruwa mai nauyi da ake kira Ficoll, a juya a na'ura ba tare da birki ba, sai fararen ƙwayoyin su taru a wani siririn farin zobe a tsakiya. A tsotse su, a wanke, a ƙirga masu rai, a zuba su a ruwa mai kashi 10 cikin ɗari na DMSO, sinadarin da ke kare su daga illar daskarewa, a sanyaya sannu a hankali zuwa digiri 80 ƙasa da sifili, sannan a mayar cikin ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifili. Idan mota ta makara, ko aka taka birkin na'urar zoben ya watse, ko firji ya mutu da dare, ƙwayoyin za su yi laushi, kuma mai bincike zai ɗauka ciwo ne ya raunana garkuwar mutum alhali hanya ce ta raunana samfurin. A ganina wannan shi ya fi komai wuya a kwaikwaya a wurinmu. Na'ura ana iya saye, amma janareta mai tashi da kansa, da littafin da ake rubuta sanyin kowane firji safe da yamma, da direban da ya san jinin da ya ɗauko ba ya jira, sai an gina su shekara da shekaru.

Na bi motar ma'aikata zuwa Agogo, kilomita kamar 80 daga Kumasi. A Konongo ake barin babban titi a hau tudu, gonakin agade da kankana hagu da dama. Asibitin Presbyterian na garin mishan na Basel ne suka kafa shi a 1931, kuma yana da ranar duba masu Buruli. A nan na ga yadda ake aikin: a auna gyambo a zana shi a kan leda mai haske, a ɗauki hoto da ma'auni a gefe, a wanke da ruwan gishiri, a sa bandejin da ba ya mannewa, a koya wa uwa yadda za ta riƙa miƙar da gwiwar yaro ko gwiwar hannunsa kullum don kada tabo ya ƙage gaɓar. Kafin 2004 yanka ne kawai magani, a yanke nama a yi dashen fata. Daga nan aka koma rifamfisin na sha da allurar sitireftomaisin kullum har kwana 56, wadda ke kurumtar da wasu kuma ba a yi wa mai ciki. Gwajin da Phillips ya jagoranta a Agogo, Tepa, Nkawie, Dunkwa da Pobe ta Benin, wanda mujallar Lancet ta buga a 2020, ya kwatanta wannan da rifamfisin da kilaritiromaisin, duka na sha, a kan mutum kusan 300. Waraka ta zo kashi 96 cikin ɗari a na sha, 95 a na allura. Yanzu ƙa'idar ita ce rifamfisin miligiram 10 a kowane kilo sau ɗaya a rana, kilaritiromaisin 7.5 a kowane kilo sau biyu, sati takwas. Ana gaya wa majiyyaci tun farko fitsarinsa zai yi ja, kada ya tsorata ya daina, kuma ana tambayar mata ko suna shan ƙwayar tazarar haihuwa, don rifamfisin yana rage mata ƙarfi.

Akwai abin da ya kamata kowane ma'aikacin lafiya ya sani a nan. Wani lokaci ana tsakiyar magani ko an gama, sai gyambon ya ƙara faɗi, ya yi mugunya, har wani sabo ya ɓullo kusa. Mai gani zai ce magani ya ƙi. Sau da yawa akasin haka ne: ƙwayar ta mutu, dafin ya ragu, garkuwar jiki ta farka ta afka wa gawarwakin. Idan aka yi rainon samfur ba abin da zai tsiro. Ba a canja magani, ba a gaggawar yanka, ana ci gaba da wanki da sa ido.

Agogo ba Buruli kaɗai ake bincike a cikinta ba. Shekaru ana rainon jinin yara masu zazzaɓi, kuma abin da ya yi ta fitowa shi ne Salmonella wadda ba ta taifot ba, tana shiga jinin ƙananan yara, musamman masu maleriya da ƙarancin jini. Ɗaya daga bayanan da masana ke bayarwa shi ne fashewar jajayen ƙwayoyin jini tana rage wa farare ƙarfin kashe abin da suka haɗiye. Wannan ya tuna min da yadda a garuruwanmu ake rubuta wa kusan kowane mai zazzaɓi taifot bisa gwajin Widal guda ɗaya, wanda ba ya bambance ciwon yau da na bara. Gaskiyar magana tana cikin kwalbar rainon jini, kuma ita ma tana da sharuɗɗa: a goge fata a bari ta bushe, a ɗibi isasshen jini, mililita ɗaya zuwa uku ga yaro, kuma a ɗiba kafin a ba da maganin kashe ƙwayoyi. Yaron da aka riga aka ba wa maganin kemis a gida kwalbarsa takan fito wayam.

Da na koma Kumasi na leƙa wurin masu aikin tundurmi da gwaiwa da makantar rafi, rukunin Farfesa Alexander Debrah, wanda ya yi digirinsa na uku a Bonn. Tsutsotsi ne ke kawo waɗannan, amma a cikin tsutsar akwai bakteriya mai suna Wolbachia wadda tsutsar ba ta iya haihuwa ko daɗewa sai da ita. Aikin da aka yi a Gana tare da Achim Hoerauf ya nuna doksisaikilin na sati huɗu zuwa shida yana kashe bakteriyar, tsutsar ta daina haihuwa, daga baya ta mutu a hankali. Ba a ba mai ciki ko ƙaramin yaro. Ga masu tundurmi kuma suna nanata wanke ƙafa da sabulu kullum, a busar da tsakanin yatsu, a sa takalmi, don ƙwayoyin da ke shiga ta tsagewar fata su ne ke kawo zazzaɓi da kumburin da ke ƙara wa ƙafar girma. Wannan kam ciwo ne da muke da shi a ƙauyukanmu na fadama, kuma sabulu da ruwa ba sa bukatar tallafin waje.

Ranar Juma'a muka yi salla a babban masallacin Kumasi tare da Baba Alhaji, Hajiyar gidan ta ɗaure min shito a kwalba da ƙullin goro. Na dawo ta hanyar da na bi. Wanda zai je da niyyar dawowa da samfur ko ƙwayar gwaji ya sani ba a sa su a jaka haka kawai, sai da yarjejeniya a rubuce tsakanin cibiyoyin biyu, da izinin kwamitin ɗa'a, da marufi mai hawa uku. Ni takardun matakan aiki kawai na ɗauko. A Najeriya an tabbatar da Buruli a jihohin kudu irin su Ogun, Anambra da Kuros Riba, kuma 'yan Ogun da yawa Pobe suke ƙetarawa neman magani. A wurinmu za mu fara da ware na'urar ɗumama guda a digiri 32, da ƙara kwalba mai fairubet ga kowane kakin tari, da roƙon masu wankin gyambo su riƙa turo mana tsinken auduga daga duk gyambon da ya haura wata guda ba ya zafi, musamman na 'yan ci-rani da suka dawo daga kurmi.